Kunyar 'Yar Fari a Garuwa

Ina da 'ya guda ɗaya tak a duniya. Tana Garuwa, can ƙasar Kamaru, ni ina Zariya. Ba sace ta aka yi ba, ba kuma ƙwace ta aka yi da ƙarfi ba. Da hannuna na miƙa ta, kaina a sunkuye, mata suna ta yaba tarbiyyata. Har yau in na tuna yabon nan sai in ji kamar in tashi in kwaɗa wa kaina mari.

Ni malamar firamare ce, kuma tun ina ƙarama an san ni da baki. Innarmu takan ce tun ina bakin layi ake sanin an tashe mu daga makaranta. Ina da shekara ashirin da shida na haɗu da mutumin da na aura. Kamfanin audugar da yake wa aiki a Kamaru ne ya turo shi kwas Samaru, ya kama ɗaki a gidan maƙwabtanmu. Dogo ne, mai sanyin magana, yana Hausa yana jefa Faransanci a ciki bai ma san ya yi ba. In na tsokane shi sai ya ce kakan kakansa daga Kano ya tashi fatauci ya yada zango a bakin kogin Binuwai, saboda haka ya fi ni Hausa nesa ba kusa ba. Babu wanda ya tilasta ni, kar wani ya tausaya min ta wannan gefen. Ni na gani, ni na ce ina so. Da kawuna, wanda shi ne waliyyina tun rasuwar babanmu, ya ce Kamaru ta yi nisa, kwana biyu na yi ban ci tuwon gidanmu ba har sai da ya sauko.

Ana gobe za a tafi da ni, Innarmu ta zaunar da ni a bakin gadonta. Na ɗauka maganar girki da haƙuri za ta yi min irin wadda ake wa kowace amarya. Sai ta ce:

"Za ki shiga cikin mutanen da suka tashi tare da Fulani, kunya ce adonsu. Ki rage bakin nan naki. In kuma Allah ya ba ki haihuwa, kar ki yi min rawar kai a kan ɗan fari, a ce 'yar Zariya ba ta sami tarbiyya ba."

Na ce to. Duk nasihar da aka yi min a auren nan babu wadda na riƙe sai wannan, ita kuwa na riƙe ta da hannu bibbiyu.

A tsakiyar bazara na isa Garuwa, cikin zafin da ban san akwai irinsa ba, ka dafa ƙofar ƙarfe ta ƙone ka. Zafin dai na saba da shi. Abin da ban saba da shi ba daban ne. An ce min gidan Hausawa za ni, kuma ba a yi ƙarya ba, Hausawa ne. Sai dai Hausar tana bakin tsofaffi da maza masu zuwa kasuwa. A tsakar gida Fulatanci ake yi wuni guda, da shi ake raha, da shi ake faɗa, da shi ake kiran yara. In maganar takarda ce ko asibiti ko ofis, sai Faransanci. Surukata, wadda kowa ke ce wa Daada ni kuma ina ce mata Hajiya, tana jin Hausa, amma tata ta gaisuwa ce da addu'a. Da zance ya yi daɗi sai ta koma can. Ni da nake tsayawa gaban aji yara su yi tsit, sai ga ni ina nuna tumatir da yatsa.

Takardar malantata ta Turanci ce, babu makarantar da ta kalle ta sau biyu. Takardar zama a ƙasar kuwa, wadda in babu ita jandarma, wato ɗan sandan can, yana iya sauke mutum daga mota a kan hanya, mijina ne ke sabunta min ita, a jakarsa ma take kwana. Shi ne bakina, shi ne kunnena, shi ne ƙafata. Kuma a shekarar farko ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ranar Lahadi da yamma yakan ɗauke ni a mashin mu je gadar Binuwai mu tsaya muna kallon dorina, mu sayi gasasshen kifi mu dawo. Komai yana fassara min, har barkwancin ƙannensa, wanda kafin ya iso wurina ya riga ya huce. In kuwa na buɗe baki na yi dariya irin tawa, sai tsakar gidan ta yi shiru, matan su kalli juna. Wata rana na matsa masa ya gaya min abin da ake faɗa a kaina. Ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya ce ba wani abu ba ne, cewa ake yi 'yan Najeriya ba su da kunya. Maganar ta tsaya min a rai. Na ce wa kaina, to, za ku gani.

A shekara ta biyu na haihu, mace. Da ungozomar asibiti ta ɗora min ita a ƙirji, wallahi ji na yi kamar a kulle ƙofar ɗakin kar kowa ya ƙara shigowa. Amma ina jin muryar Hajiya a baranda na zame ta gefe na juya fuskata bango. Da a ce komai daidai ne, gida za a kai ni wankan jego. To hanya ba lafiya a lokacin, Innarmu kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya mai nisa. Hajiya ce ta yi min wanka, ta dama min kunun kanwa, ba ta rage ni da komai ba.

Daga nan na fara aikin da ya kashe ni. Ban taɓa ɗaukar yarinyar a gaban mutane ba. In ta yi kuka a tsakar gida sai in ci gaba da tankaɗe kamar 'yar maƙwabta ce, nono yana zuba yana jiƙa min riga, har sai wata ta ɗauke ta ta kai min ɗaki. A ɗaki, in na saki labule, in sunsuni wuyanta, in tsotsi yatsunta, in yi mata waƙar da Innarmu ta yi mana. Ina jin motsi in ajiye. Sunanta kuwa ban taɓa furta shi ba. Ko laƙabi ban sa mata ba, irin wanda wasu iyayen ke sawa don su sami abin kira. Sai dai "ke," ko "yarinyar nan," ko "'yar Hajiya." Kuma abin ya ci. Tsofaffin da ke shigowa suka fara cewa ashe akwai sauran 'yan mutunci a Najeriya, irin wannan kunyar rabon da su gan ta tun zamanin iyayensu. Hajiya ta yi min kyautar zane. Karo na farko ke nan da aka yabe ni a gidan, na yi kwanaki ina jin kaina a sama.

Abin da ban lura da shi ba, don idona ya rufe, shi ne matan ƙannen mijina, haifaffun Garuwa, suna goya 'ya'yansu na fari suna ƙwala musu kira a gaban Hajiya, babu mai ce musu kanzil. Mijina kansa yakan dawo daga aiki ya ɗora yarinyar a wuya ya yi ta zagaya tsakar gida da ita a gaban uwarsa. Al'adar da nake kashe kaina a kanta ta riga ta tsufa a gidan. Tsofaffi ne kawai ke tuna ta da daɗin baki, ni kaɗai ce nake yin ta.

Sai yaye ya zo. Ga yadda ake yi a gidanmu na Zariya. A kai yaro wurin kaka ya manta nono. Uwa ba ta tambaya, ba ta ko leƙe. Bayan wata ɗaya ko biyu sai wata gwaggo ko yayar uwar ta shiga wurin kakar da wasa da dariya, ta ce a ba mu 'yarmu haka nan, uwarta ta rame ta zama kara. Kaka ta ɗan ja, a yi raha, a goyo yaro a mayar. Uwa ta karɓa tana cewa wa ya aike ku. Kowa ya san wasan, kowa ya san inda zai tsaya. Na ga an yi wa yayata haka, ni ce ma na riƙo ƙullin kayan yarinyar.

Wata safiyar Alhamis na miƙa wa Hajiya tawa, da kayanta da ɗan kofinta na roba. Hajiya ta sa mijina ya tambaye ni kwana nawa nake so ta yi. Na sunkuyar da kai na ce ni wace ce da zan sa wa Hajiya rana. Matan da ke wurin suka ce madalla. Ban tsaya na tambayi kaina wa zai je ya karɓo min ita ba. Ba ni da gwaggo a Garuwa, ba ni da ya, ba ni da ko 'yar unguwarmu.

Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Ana cikin haka kamfani ya ba mijina gida a wata unguwa mai nisa, muka tashi, yarinyar ta zauna. Daga baya na gane Hajiya ma jira take yi. Ta jira a zo a tambaya, da ba a zo ba sai ta ɗauka na bar mata riƙo ke nan. Tsohuwa ce da ɗakinta ya yi shiru tun da autarta ta yi aure, yarinyar kuwa ta shiga ranta.

Wani zai ce me ya hana in gaya wa mijina. Na gaya masa, amma irin gayawar da ba gayawa ba. In ce gidan nan ya yi shiru, ya ce in kunna rediyo. In ce anya Hajiya ba ta gaji da hidima ba, ya ce ai daɗi take ji. Ga shi a lokacin tsakaninmu ya fara tsami. Ya gaji da zama bakina. Kullum ya dawo a gajiye, auduga a gashin kansa, sai ya tarar na tara masa zancen wuni guda, ga takardar magani a karanta min, ga mai gyaran famfo ya zo ban gane me ya ce ba. Ya ce girman kai ne ya hana ni koyon Fulatanci. Ni kuma in ce shi ya raba ni da aikina da dangina ya zo ya ajiye ni kamar kwanon ado. Sau biyu ina yin ɓari a tsakanin nan, kowanne kuma sai ya ƙara mana shiru. Sai ya fara yada zango a gidan Hajiya in ya tashi daga aiki, ya ci abinci can, ya yi wasa da 'yarsa, ya zo min da ƙoshi. Nakan tambaye shi me aka dafa a can, don kawai ko zai ambaci abin da yarinyar ta ci.

Wata Asabar da rana muka je gaida Hajiya. Yarinyar, tana da shekara uku da wani abu, ta yi tuntuɓe da turmi ta fasa leɓe. Ta taso da gudu tana ihu, jini a haɓarta, ta wuce ta gabana har zanenta ya gogi gwiwata, ta faɗa jikin Hajiya. Ina zaune a tabarma, hannuwana cikin mayafi, na dunƙule su har farce ya shiga nama. Ban motsa ba. Da muka koma gida, ko mashin bai gama kafewa ba ya juyo ya ce:

"Tsakaninki da Allah, kina son yarinyar nan kuwa?"

Ƙofa ce Allah ya buɗe min. Da a wurin na durƙusa na fashe da kuka na ce a dawo min da 'yata, da kafin la'asar ya kawo ta. Na san halinsa. Amma zuciya ta ɗebe ni. Mutumin da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, wanda na bar ƙasata saboda shi, wai shi ne zai tsaya yana yi min wannan tambayar. Na ce:

"Ba taka ce da uwarka ba? Ku ƙarata."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya rataye makulli ya shige. Bai ƙara tayar da maganar ba har muka rabu.

Sai na samo dabarar kitso. Na iya kitso tun a gida, hannuna ba zafi. Duk Alhamis in hau mashin in je gidan Hajiya in ce na zo yi wa yara kitson Juma'a. 'Yan mata bakwai ne a gidan. In fara da 'ya'yan facalolina ɗaya bayan ɗaya, bayana yana ciwo, yatsuna suna sanƙarewa, don dai in na kai kan ta bakwai babu wanda zai ce na ware tawa. Ita ce ta ƙarshe kullum. In sa ta tsakanin gwiwoyina, in tsefe kan a hankali, in shafa mai, in yi mata ƙananan kitso masu cin lokaci. Ɗumin bayanta a ƙafafuna shi ne abin da nake rayuwa a kansa daga Alhamis zuwa Alhamis. Wani lokaci barci ya ɗauke ta ta jingina da cinyata, sai in rage sauri. Ba ma hira. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba, nawa Fulatancin kuma na jin abin da aka ce ne, ba na mayarwa ba. Goggo take ce min, kamar yadda sauran yaran ke faɗa. An gaya mata ni na haife ta, ba a ɓoye mata ba, amma abin bai dame ta ba.

In na kira Innarmu a waya takan tambayi jikarta, in ce tana wurin Hajiya, ta ce madalla, haka ake so. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa uwata ina kewar 'yar fari? Kuma ni ce fa na ƙi cin tuwo a kan auren nan. Sai in ce komai lafiya, Garuwa sai zafi.

Mutum ɗaya ce ta san halin da nake ciki a duk garin. Wata Kirista ce 'yar ƙabilun kan dutse mai sayar da gyaɗa da wake a kasuwa, Hausarta tar kamar a Sabon Gari ta tashi. Nakan je sayen wake in zauna a bencinta in yi awa guda, don kawai in yi magana ba tare da tafinta ba. Ranar da na gaya mata, ajiye mudun ta yi ta dube ni.

"Ku dai da kunyarku," in ji ta. "Je ki goyo 'yarki. In za su kashe ki su kashe ki."

Har cewa ta yi in ba zan iya ba, in nuna mata gidan ita ta shiga ta yi magana. Na yi dariya na ce in mai gyaɗa ta shiga gidan Hajiya neman jika ai sai a ce na haukace. Dariya na yi mata. Ita kaɗai ce a ƙasar nan ta taɓa yi min tayin abin da gwaggona za ta yi min, ni kuma na sayi wakena na tafi.

A shekara ta bakwai aka mayar da mijina Ngawundere, wurin da ake loda kaya a jirgin ƙasa. Bai ce in bi shi ba, ni ma ban ce zan bi ba, don in na bar Garuwa na bar Alhamis. Da farko yana zuwa duk ƙarshen wata, daga baya sai ya ga dama. Takardar zamana ta ƙare bai sabunta ba, ya ce ya manta. Wata rana na raka matan gidan gaisuwar rasuwa wani gari kusa, jandarma suka tare motar, kowa ya nuna katinsa, ni aka sauke ni. Na wuni a kan benci a bakin titi, rana tana dukana, ana yi min tambaya da harshen da ba na ji, sai da wan mijina ya zo ya karɓe ni. Da mijina ya zo a satin nan ban bari ya cire takalmi ba. Duk abin da na haɗiye shekara bakwai na amayar masa. Na zagi aikinsa, na zagi garinsu, na haɗa har da uwarsa, matar da ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri. Kuma a duk ruwan zagin nan, abin takaici, ban ce a ba ni 'yata ba. Da safe na tarar da takarda a kan tebur, saki ɗaya. Har idda ta cika bai mayar da ni ba.

Kawuna ya zo ɗaukata. Aka zauna a zauren gidan Hajiya bayan azahar, da limamin unguwa, da mijina, da wansa, mu mata muna daga ciki bakin ƙofa. Kawu ya yi godiya, ya ba da haƙuri, sannan ya ce muna roƙon a ba mu yarinyar. Ranar ce rana ta farko da wani nawa ya buɗe baki ya nemi a dawo min da ita. An makara da shekara uku.

Liman mutum ne mai natsuwa. Ya yi tambaya, aka ba shi amsa. Tun yaushe yarinyar take hannun kakarta? Tun yaye. Uwar ta taɓa neman a mayar mata? Ba ta taɓa ba. Wata facalata ta ce tun yarinyar tana jaririya ba ta taɓa ganin na ɗauke ta ba. Wata ta ce ko kitso na zo yi, ita nake bari a ƙarshe. Mijina ya faɗi ranar da ta fasa leɓe, ya maimaita abin da na ce masa, bai ƙara ba bai rage ba. Ina zaune ina ji. Babu wanda ya yi min ƙarya, wannan ne abin da ya fi ci min rai. Kawu ya juyo ya dube ni ta ƙofa.

Da aka ce ko ina da magana, na tashi. Mayafina ya zame ban damu ba. Na faɗi komai da ƙarfi, ina kuka, ina rantsuwa, labulen da nake saki, nonon da ke jiƙa min riga, kawuna shida da nake kitsawa don in kai ga na bakwai. Ina gani a fuskar mazan abin da suke tunani, 'yar Najeriyar nan ce ta dawo da halinta, an sake ta tana neman abin da za ta ƙuntata wa miji da shi. Hajiya ce kaɗai ta yarda. Tana share hawaye da gefen mayafi ta ce min da Hausa:

"'Yata, me ya sa ba ki faɗa ba? Na yi ta jiran a zo."

Liman ya ce da a garin zan zauna, da sai a duba. Amma a ɗauki yarinya a tsallaka iyaka da ita, a raba ta da ubanta da kakar da ta rene ta da makarantarta, zuwa inda ba ta jin harshensu, bayan uwar ta yi shekaru tana gani ba ta nema ba, shi bai ga hanyar ba. Mijina ya ce ba zai sa hannu a takardar fita da ita ba. Kawu ya ce mun gode.

Na yi tunanin zama. Mai gyaɗa ta ce in zo mu raba ɗakinta in riƙa kitso a kasuwa. Amma ba takarda, ba aiki, ba miji, ba dangi, ga Innarmu kwance tana kirana. Kawu ya ce ba zai bar bazawara ita kaɗai a ƙasar mutane ba. Zan iya cewa su suka hana ni. Gaskiyar ita ce na gaji, na ji tsoron bencin jandarma, kuma na bi kawu. Wannan ma yana cikin abin da ban yafe wa kaina ba.

Ranar da za mu taso na je sallama da safe. Na tarar ana shirya yara za su tafi makaranta. Tana tsaye a tsakar gida da rigar makaranta da 'yar jakarta, a kanta kitson da na yi mata ranar Alhamis. Na durƙusa na gaida Hajiya, muka yafi juna. Yaran suka nufi zaure a guje, ita tana bayansu. Sai na ga saura taku uku ta fice.

Na kira sunanta.

A gaban Hajiya, a gaban facalolina, a gaban kawu. Sunan ya yi min nauyi a baki don ban taɓa gwada shi a fili ba. Ta tsaya cak. Ta juyo ta dube ni, sannan ta dubi Hajiya ta yi mata tambaya da Fulatanci. Ba da rashin kunya ta yi ba, mamaki ne tsantsa irin na yara. Da ma ban ji ba. Amma shekara bakwai ta koya min daidai abin da zan gane wannan.

"Daada, ashe ta san sunana?"

Hajiya ta ce mata ta zo ta yi min sallama. Ta zo ta rusuna ta ce Allah ya kiyaye hanya, Goggo. Na kama hannunta, ta bar min shi na ɗan lokaci saboda ladabi, idonta yana kan zaure don 'yan'uwanta sun yi nisa. Na sake ta, ta ruga. Kawu ya ce mu tashi kar mota ta cika.

Na koma aji, ina koyarwa kamar da, sai dai abokan aikina suna cewa bakin nan ya mutu. Innarmu ta rasu bayan dawowata da shekara ɗaya. Ban taɓa gaya mata cewa nasiharta na bi ba, me zai ƙara? Duk Sallah Hajiya tana sawa a kira ni a ba yarinyar waya. Yanzu ta kai sha biyu. Ina ɗauka nake kiran sunanta, in sake kira, in sake, kamar mai biyan sallar da ta wuce. Takan ce na'am, Goggo, ta tambaye ni ya Sallah. Sai mu yi shiru, ina jin numfashinta, can kuma in ji ta miƙa wa Hajiya wayar.